Yadda Sabo Ya Zama Kuɗin Fito: Asalin Kalmar Kwastan

Ɗan kasuwar da ya loda albasar Galmi a ƙasar Dogarawa ya nufi Sakkwato, hukuma biyu masu aiki ɗaya zai ratsa: 'yan duwan a Birnin Ƙonni, 'yan kwastan a Illela ta Najeriya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ce ta raba sunayen. Duwan daga Faransanci take, tushenta kuma diwani, littafin lissafin hukuma a Larabci. Kwastan ce mai dogon labari, domin da fari ba ruwanta da haraji.

A Ingilishi custom na nufin abin da jama'a suka saba yi, kamar yadda habit ke nufin sabon mutum shi kaɗai. Turawan Ingila sun aro ta daga tsohon Faransanci bayan Normawa sun ci ƙasarsu a 1066, su kuma Faransawa sun gaje ta daga consuetudo ta Latin, wato sabo. To, me ya haɗa sabo da shingen bakin iyaka? Fatake sun saba ba sarki wani abu duk sa'ad da kaya suka bi ta tashar jiragen ruwa, yau da gobe har abin ya zama haƙƙi, aka ci gaba da kiransa da sunan sabon. A 1275, zamanin Sarki Edward na Farko na Ingila, aka tsayar da shi a matsayin kuɗin fito kan ulu da fatun da ake fitarwa. Kwastoma ma ɗan gidan ne: wanda ya saba sayayya wuri ɗaya. Shi ya sa mai shago ba ya kiran baƙon da ya leƙo sau ɗaya da wannan suna, sai in yana zawarcinsa.

Wani zai ce ai katari ne kawai na harshen Turawa. Hausa da kanta ta ƙaryata haka. Al'ada da la'ada tagwaye ne, duka daga kalmar Larabci ɗaya mai tushen komawa da maimaitawa. Ɗaya ta tsaya a kan bikin aure da suna, ɗayar ta koma aljihun dillali. A kogin Sanagal ma, abin da Faransawa masu sayen ƙaro suke biyan sarakunan yankin kowace shekara coutumes suke ce masa. Harsuna uku ba za su yi tuntuɓe da dutse ɗaya bisa kuskure ba. Kyautar da aka maimaita takan daina zama kyauta, wanda ya hana ta kuma shi ake gani da laifi.

Gaskiya ne direban da ke jiran takarda a Illela ba ya jin ƙamshin sabo a cikin kwastan, kaki da rasit kawai yake gani. Amma ma'anar tana nan da ranta a kasuwa. Dillalin albasa na Galmi in ya miƙa hannu ya ce a ba shi la'adarsa, ba roƙo yake ba, kuma ba ya kawo wata doka: haka aka saba, mai saye ma ya san da haka tun kafin a ɗinke bakin buhu.