Riɗi, Zare da Tsiro: Muhawarar Sababi a Falsafar Indiya

Wata gajeriyar tambaya ta raba kan masana falsafar Indiya tsawon ɗaruruwan shekaru: shin abin da aka samar yana cikin sababinsa tun kafin ya bayyana, ko kuwa sabo ne fil? Ra'ayin wannan maƙala shi ne amsar Nagarjuna, malamin addinin Buda, ta fi sauran ƙarfi, domin shi ne ya gano cewa aibin yana cikin tambayar kanta.

Mazhabar Samkiya, wadda Ishwarakirishna ya tsara ƙa'idojinta cikin baitoci wajen ƙarni na 4 ko na 5 Miladiyya, ta ce abin yana nan tun asali. Mai neman mai, riɗi yake matsawa, ba ya ɗebo yashi. Da man ba ya cikin riɗin, da kome zai iya fitowa daga kome. Aikin mai matsa bai wuce fito da abin da ke ɓoye ba.

Mazhabar Niyaya da takwararta Waisheshika suka ce ba haka ba ne. Ƙyalle sabon abu ne, tunda babu mai suturta jikinsa da tarin zare. Suka kasa sababi gida uku: zaren da ƙyallen ya ginu a kansa, haɗuwar zare da zare, sai masaƙi da kayan saƙarsa.

Kowane ɓangare yana da inda ya gaza. Idan man yana nan cikakke, mene ne amfanin matsa? In aka ce bayyanarsa ce sabuwa, to an yarda ke nan wani abu da babu shi ya samu. Idan kuma ƙyalle daban yake da zare gaba ɗaya, me ya ɗaure shi ga zare ya hana shi fitowa daga yumɓu? Niyaya ta kawo wata alaƙa ta dindindin tsakaninsu, abokan hamayya suka ce ita ma tana buƙatar abin da zai haɗa ta da su.

Nagarjuna, wanda ya rayu wajen ƙarni na 2 zuwa na 3, ya buɗe babban littafinsa kan tafarki matsakaici da kore hanyoyi huɗu: abu ba ya samuwa daga kansa, ko daga waninsa, ko daga duka biyun, ko haka kawai babu sababi. Abokan jayayyarsa suka zarge shi da rushe kome. A babi na 24 ya mayar musu da zargin. Abin da ke da tabbataccen zati ba zai sauya ba, wanda kuwa ba ya sauyawa ba ya haifarwa, ba a kuma haifar da shi. Iri yana zama tsiro ne saboda ba ƙullallen abu ba ne: ya dogara ga ƙasa da danshi da zafi. Samkiya da Niyaya duka sun ɗauki sababi da musabbabi a matsayin abubuwa masu tabbataccen zati, sannan suka kasa bayyana yadda ɗaya ke fitowa daga ɗayan.

Wannan matsayi ya samo tushe daga koyarwar Buda ta sarƙa mai gaɓa 12, wadda ta faro daga jahilci, ta bi ta kwaɗayi da riƙo, ta ƙare da tsufa da mutuwa. Manufarta ta aiki ce: in wahala tana da sharuɗɗa, cire sharaɗi zai yanke ta.

Ɗalibin tauhidi zai tuna da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da misalinsa na wuta da auduga. Amma shi ya kore tilascin sababi ne don ya mayar da tasiri ga Allah, Nagarjuna kuwa bai ajiye wani mai tasiri a bayan abubuwa ba.

Saura suka guda ga wannan matsayi: me ya sa irin shinkafa ba ya tsiro da sha'ir? Darmakirti, wani malamin addinin Buda a ƙarni na 7, ya amsa da lura: ana ganin hayaƙi inda wuta take, a rasa shi inda babu ita. Za a ce wannan siffanta tsari ne kawai. Haka ne, amma mai cewa man yana ɓoye cikin riɗi ma daga matsar da ya gani ya san haka. Fifikon mabiya Buda a nan shi ne da'awarsu ba ta zarce hujjarsu ba.