Kundin Maigidana da Injinan Gem na Ƙasar Ƙaraye

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali kuwa ni ba ma'abocin rubutu ba ne, ga shi kuma ganina ya fara rauni har na miƙa makullin shago ga ɗan ƙanena, shi ne wata magana da ta yawaita a bakin samarin da suka shigo sana'ar gyara a 'yan shekarun nan, tun daga cikin garin Ƙaraye har Rogo, wato da zarar an kawo musu tsohon injin gem, Sega ne ko PlayStation ta farko, sai su jona shi da wuta, in bai kawo hoto ba su dubi mai shi su ce, "Baba, fanel ya mutu, sai dai a sake wani." Wannan hukunci da suke yankewa nan take, ba tare da sun ɗora mita a kan ƙafa ko ɗaya ba, a zamaninmu ba a furta shi sai an ƙure bincike, kuma yaron shagon da ya kuskura ya furta shi ba hujja, to, ranar nan ba zai ƙara taɓa ƙarfen dalma ba.

Mu dai asalinmu masu gyaran rediyo ne, gem daga baya ya same mu. Maigidana, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna ce makomarsa, almajiri ne wanda ya sauke Alƙur'ani ya taɓa littattafan fiƙihu kafin ya shiga Kano neman sana'a, inda ya zauna a Sabon Gari ƙarƙashin wani mutumin Gana mai gyaran rediyo da rikoda, bai kuwa rabu da shi ba sai a 1983, shekarar da gwamnati ta sallami baƙin da ba su da takardun zama, malamin nasa ya kama hanyar gida, shi kuma ya ɗauko mita ɗaya mai allura da 'yan sukundireba ya komo Ƙaraye. A hannunsa na koyi aiki, a lokacin da wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, har ya zama ƙarfen dalmarmu na jan ƙarfe ne da ake cusawa cikin kaskon gawayi, kuma aikin yaro na farko shi ne fifita wuta da sanin lokacin da ƙarfe ya yi daidai, domin in ya wuce kima sai ya ɗaye layin tagulla daga jikin fanel, in kuma bai kai ba sai dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa.

Injinan farko sun fara isowa gare mu wajen lokacin da aka gama madatsar ruwan Calawa a 1992, wasu a hannun ma'aikata, wasu cikin tsarabar alhazai. Kusan dukkansu kwaikwayon Famicom ne, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, sai masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta kwafarsa suna turo mana shi da kaset ruwan ɗorawa mai ƙafa 60, wanda aka rubuta wa wasanni dubbai a bayansa alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. A ƙauyukan Rogo, irin su Zarewa da Fulatan da Zoza, inda akwatin talabijin baƙi-da-fari ke aiki da batirin mota, sai masu gem suka ga ai babu abin da zai hana su jona injin ma a nan, kuma hakika yana tashi, sai dai 7805 ɗin da ke ciki, da yake dole ya sauko da bolt 12 zuwa 5, sauran bakwai ɗin zafi yake mayar da su, ga ɗan ƙarfen sanyayawar da masu kwaikwayo suka sa masa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka muka riƙa yanko goran-ruwa daga tsofaffin tukwane da murafe muna ɗaura masa. Masifa ta biyu kuwa adafta ce: ta Famicom da ta Sega Mega Drive ta farko tsakiyar bakinsu ita ce ƙafar ragi, saɓanin adaftocin da suka cika kasuwa, ta NES ɗin Amurka kuma ba ta ma tace wutar ba sam, ga shi bakinta yana shiga ramin 'yan'uwanta lafiya lau, don haka yaro guda mai gaggawa ya isa ya kashe inji kafin a ce masa kul.

To, a nan ne abin da nake son bayyanawa yake, wato kundin maigidana. Da yake babu wanda ya taɓa aiko mana da taswirar cikin waɗannan injina, ba mu kuma da wanda za mu tambaya, sai ya kafa wa kansa wata ƙa'ida wadda ban ga wani ya bi ta ba kafinsa ko bayansa: ba ya yarda ya fara sanin inji a ranar da ya lalace. Duk sa'ad da ya ji labarin wani ya sayo sabon nau'i, sai ya taka da kansa har gida, ya yi sallama, ya roƙi arziki a ba shi aronsa kwana ɗaya, ya kwance shi yana da ƙoshin lafiya, ya zana fanel ɗin a takarda, sa'an nan ya bi ƙafafun kowace aisi da kowace taransista da mita, ya rubuta abin da ta nuna, injin na aiki da kaset da kuma ba kaset, ya ƙara da bayanin wurin da ke ɗaukar ɗumi da wanda ke zama da sanyi bayan an jima ana wasa. Bayanin da ajami yake rubuta shi, alƙaluman lissafi kawai ke zuwa da boko. Yakan ce mai ɗori na ƙwarai sai ya shafa ƙafar da ba ta karye ba kafin ya san yadda zai mayar da karyayyar. Da wannan kundi muke ƙiyasi: mu auna maras lafiya, mu gwama da abin da aka rubuta daga mai lafiya, duk inda suka saɓa to illa tana nan kusa, sai a bi ta daki-daki har a kai ga asalinta. Kuma bai yarda a tsaya ga abin da ya ƙone ba, sai an faɗi dalilin ƙonewarsa, domin a wurinsa wanda ya sauya fis bai san abin da ya tsinka shi ba, bai yi gyara ba, ya dai jinkirta ɓarna ne zuwa wata rana.

Na tuna wata Mega Drive da wani mai gidan gem ya ɗauko a bayan babur daga wajen iyakar Makarfi, ya naɗe ta cikin zane saboda ƙurar hunturu, bayan an gaya masa a wani wuri cewa ta gama yawo. Jar fitilarta tana kamawa, amma akwatin baƙi ƙirin, ba hoto ba sauti. Malam ya sa na kwance ta, ya buɗe shafinta a kundi, ya ce, "Yaro, fara daga bakin wuta, kada ka tsallake ko taki ɗaya." Mega Drive ta farko tana da 7805 guda biyu manne da ƙarfe ɗaya, na auna na farko ya ba da 5 cif, na auna layin da ke fita daga na biyu allura ba ta ko motsa ba. Na ce, "Malam, wannan ya ƙone." Ya ce, "Ka auna ƙafarsa, ko layin da ke gabanta ka auna?" Da na ɗora a kan ƙafar kanta sai ga bolt 5. Ya karɓi fanel ɗin ya fita da shi ƙofar shago, ya karkata shi ga hasken hantsi, ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta kewaye gindin ƙafar, inda zafi da sanyi na shekaru suka raba dalma da tagulla. Ɗigon dalma ɗaya ya tashe ta. Mai injin ya zaro kuɗi masu kauri, Malam ya ɗauki abin da ya yi daidai da aikin ya mayar masa da saura, ya kuma umarce shi da ya daina ajiye ta a kan buhu, ya samo katako ya ɗora ta don iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta.

Ambaton Sega ya tuna mini da fitinar kayan gwanjo da ake saukewa a kasuwar Alaba ta Legas su biyo mota zuwa Kano, kowane inji da ƙasar da aka yi shi dominta. Na Japan wutarsu bolt 100 ce, na Amurka 120, tamu kuwa ta haura 200, don haka duk PlayStation ɗin da aka jona kai tsaye ba taransifomar rage wuta, ƙara ɗaya take yi sai hayaƙi da warin kondensa. Wadda ta tsira daga wannan kuma sai ta zo da hoto ba launi, ko yana ta birgima, saboda su tsarin NTSC suke bi mu kuma PAL. A Mega Drive ta farko akwai 'yan gadoji huɗu a jikin fanel, JP1 zuwa JP4, biyu na harshe biyu na saurin hoto, kuma Malam da kansa ya gano aikinsu ta hanyar gwama zanen ta Japan da ta Ingila a kundinsa, shekaru kafin wani ya zo mana da labarin. Kaset ɗin Japan da ya ƙi shiga bakin injin Turai kuwa, zarto muke sa wa bakin mu faɗaɗa shi. Yara masu Mortal Kombat sun fi son injin da aka mayar da saurin hotonsa 60, domin na 50 ya fi shi nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma hannunsu yana jin bambancin ko da bakinsu bai iya bayyana shi ba.

Wanda bai ga gidajen gem na ƙarshen shekarun 1990 ba zai yi mamaki in aka ce masa a kife ake ajiye PlayStation, ƙafafunta suna kallon rufi. Dalili shi ne a nau'o'in farko, irin su SCPH-1002, abin da idon karanta faifai ke zamewa a kansa na roba ne, ga shi kusa da sashen wuta mai zafi, sai ya cinye a hankali idon ya karkace ya daina duban faifai sosai. In an kifa injin, nauyin idon ya komar da shi kan hanya. Daga baya kamfanin ya mayar da wurin na ƙarfe ya kuma nisanta shi da zafi. Akwai kuma ɗan maɓallin nan da ke jikin ido wanda ake murɗawa a ƙara masa ƙarfi, musamman don ya karanta kwafaffen faifai wanda bai kai na asali mayar da haske ba. Malam ya ƙi jinin a taɓa shi kafin a wanke ido da sifirit, a share hanyarsa a sa mata maiko, a duba injin juya faifai. In kuwa ya zama dole, sai an auna an rubuta inda yake, sa'an nan a gusa shi ɗan ƙanƙani. Masu murɗe shi gaba ɗaya sun sami suna na 'yan makonni, daga nan idanun da suka taɓa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma aka riƙa kawo mana gawarwakin.

Ba zan ɓoye ba, mun sha raini a kan wannan aiki. Abokan sana'a masu talabijin suna ce mana masu gyaran kayan wasan yara, wasu malamai kuma suna ganin muna taimakon lahawu da shagaltar da yara daga karatu da salla, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya ba. Malam bai taɓa jayayya da su ba, sai dai ya sa sharaɗi: ba ya gyara wa gidan da ake caca a kan wasa, ko wanda ba a kashe inji in an kira salla, kuma na ga ranar da ya mayar wa wani mai hali injinansa uku a kwance saboda wannan, ya yi asarar kuɗin da muke matuƙar bukata a lokacin.

Malam ya rasu PlayStation 2 tana fara yawaita, ƙwallon Winning Eleven ta kori duk sauran wasanni daga gidajen gem. Na ci gaba da kundin gwargwadon iyawata, na ƙara masa shafuffukan babbar da siririyar da ta fito a 2004, amma zamani ya riga ya juya. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 yara masu kaifin basira suka riƙa zarcewa Farm Centre ta Kano koyon gyaran waya, inda kuɗi yake, ban kuwa ga laifinsu ba. Sa'an nan aka koma loda wasa a filashi, ido ya zama ba a bukatarsa, ilmin da muka tara a kansa ya rasa mai tambaya. Da PlayStation 3 ta zo a 2006, shekarar da dokar Tarayyar Turai ta hana sa gubar dalma a kayan lantarki, sai ga sabuwar dalma da ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217, maimakon 183 na wadda muka saba, ga manyan aisi da ƙafafunsu ke ɓoye a ƙarƙashinsu inda mita ba ta kaiwa. A wannan kam na yi wa samari uzuri. Abin da ban yi musu uzuri a kansa ba shi ne su ɗauki taƙlidin abin da suka gani a bidiyon waya, su hura wa fanel iska mai zafi ba su san dalili ba, sa'an nan su zo da wannan ɗabi'a kan Sega da Famicom, waɗanda kowace ƙafa tasu a fili take tana jiran a auna ta.

Abu na ƙarshe da ke ci mini rai shi ne kayan gyara. A da kowane shago yana da tarin matattun injina a ƙarƙashin tebur, ba a zubar da ko ɗaya, domin daga nan ake ciro ramin kaset, da maɓallin kunnawa, da robar cikin hannu, da aisin da ba a ƙera irinta kuma. Abin da ba mu da shi mu hau mota ta Gwarzo mu shiga Sabon Gari, wurin wasu dattawa da suka san kowace lamba da ka. Gobarar da ta ci babban sashe na kasuwar a watan Maris na 2016 ta haɗa da rumfar da na fi dogara da ita, mai ita kuma da ya farfaɗo sai ya koma sayar da caja da kayan sola. Matattun injinan da suka rage a garuruwanmu kuwa 'yan gwangwan suna bi shago-shago suna saye a kan sikeli, su farfasa robar, su ware tagulla da fanel, su loda a buhu zuwa Kano, kuma cikin abin da na gani da idona ana aunawa a Rogo bara har da Mega Drive biyu na farko, waɗanda na tabbata babu abin da ke damunsu face busassun kondensa.