Dangin Masu Shinkafar Tailan da Rigimar Sunansu

Jama'a, duk wanda ya taɓa sauke buhun shinkafa 'yar Tailan a kasuwa ya san sunan ƙasar nan, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa har zuwa 1939 Siyam ake ce mata. Gwamnatin wani soja, Fibun Songkiram, ita ta sauya sunan, kuma ba don ado ba. Nufinta a nuna cewa duk mai jin harshe dangin Tai ɗan gida ne, ko da yana zaune ƙarƙashin Faransa ko Ingila. An koma Siyam a 1945, sannan aka dawo Tailan a 1949.

Dangin kuwa suna da yawa. Akwai mutanen Lawos. Akwai Shan na ƙasar Bama, waɗanda maƙwabta ke kira Shan alhali su Tai suke ce wa kansu. Akwai Ahom da suka shiga Assam ta Indiya a 1228 suka yi sarauta kusan shekara 600, harshen kakanninsu kuma ya ɓace daga bakin jikoki, sai a littattafan gargajiya. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da 'ya'yanmu ke tashi da harshen masu masauki. Sai Juwang na kudancin Sin, waɗanda a da ake rubuta sunansu da harafi mai alamar kare a jikinsa, don raini. An fara cire karen aka sa alamar mutum, sannan a 1965 aka ba su harafin da ke nufin ƙarfi.

Don kada a ruɗe, masana suka raba: Thai mai "h" harshen Tailan kaɗai, Tai kuwa dangin baki ɗaya.

To ina asalinsu? An daɗe ana lissafa su cikin dangin Sinanci, saboda karin sauti da tarin kalmomi iri ɗaya. A 1942 wani Ba'amurke, Paul Benedict, ya ce atafau, aro ne ba gado ba. A ganinmu hujjarsa ta kama hankali, don mu ma muna cewa mota da tebur da bokiti, ba wanda ya ce Hausa ƙanwar Ingilishi ce. Shi ne ya ƙirƙiro sunan Kadai ga wasu ƙananan harsuna 'yan uwan Tai, aka riƙa cewa Tai-Kadai. A 1977 Li Fang-Kuei ya kasa harsunan Tai gida uku: na arewa, na tsakiya, da na kudu maso yamma, inda na Tailan da Lawos da Shan suke. A 2000 kuma wani masani ɗan Tailan, Weera Ostapirat, ya kawo sunan Kra-Dai, tun da babu wata al'umma da ke kiran kanta Kadai. Da yawa sun bi shi.

Amma gwamnati ba ta jiran masana. Mutanen Isan da ke arewa maso gabashin Tailan harshen Lawos suke yi a gida, har sun fi mutanen Lawos ɗin kanta yawa, amma a takardun hukuma 'yan Thai ne na arewa maso gabas.