Ɗan Ijala, Magatakarda da Muhuti: Ƙafafun Shari'a

Jama'a, duk lokacin da aka tashi maganar gyaran kotuna, alƙali kowa ke kallo. To amma talakan Malisa ko Kalgo, wa yake fara gani kafin alƙali? Ɗan ijala mai kawo sammaci, sai magatakarda mai rubuta ƙara. A da kuma akwai muhuti, malamin da ke zama gefen alƙali yana binciko masa hukunci a littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar.

Ba Bature ya kawo mana wannan tsari ba. Wajen 1806 Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, ya bayyana yadda shugaba zai naɗa mataimaka da nauyin da ke kansu. Da Turawa suka zo, sai suka bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, suka kasa su daraja huɗu, A zuwa D. A 1968 gwamnatin soja ta karɓe su daga hannun En'e, suka zama kotunan yanki. A 2000 kuma Kebbi ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a.

Suna ya yi ta sauyawa, amma aikin ƙananan nan yana nan yadda yake. In ɗan ijala ya danne sammaci don an ba shi na goro, ƙara ta mutu tun ba ta shiga zaure ba. In magatakarda ya sauya kalma ɗaya a shaidar gado, marayu sun rasa gona. Kuma fa ko an ɗaukaka ƙara, abin da ya rubuta shi za a karanta.

Don haka a biya su haƙƙinsu a kan kari, a horar da su, sannan a sa musu ido. Allah Ya ba mu masu riƙon amana.