Yadda Bishiyar Ceri Ta Samu Shiga Lambun Gida

Marubucin Rum ɗin nan, Pliny, ya ce wani janar mai suna Lucullus ne ya kai bishiyar ceri Italiya wajen shekara ta 74 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga yaƙin da ya yi a Pontus, bakin Baƙin Teku. Garin da ake danganta ta da shi, Cerasus, shi ne Giresun na Turkiyya, kuma Turkiyya na cikin manyan ƙasashen da ke noman wannan ƙaramin ɗan itace ja mai ƙwallo ɗaya. Bishiyar ƙasar sanyi ce. Sai ta kwashe ɗaruruwan awoyi cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin ta yi fure, shi ya sa ba ma ganin ta a gonakinmu.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne daɗewar da ta yi tana fin ƙarfin mai ƙaramin fili. A 1533 Richard Harris, mai kawo wa Sarki Henry na Takwas 'ya'yan itatuwa, ya dasa babbar gonar ceri a Teynham cikin yankin Kent na Ingila. Daga nan Kent ta yi suna. Amma bishiyoyin can sukan kai ƙafa 60, tumaki na kiwo a ƙarƙashinsu, masu tsinka, da yawansu mata, suna hawa dogayen tsani na katako masu faɗin gindi. Ga shi kuma bishiyar ceri mai zaƙi ba ta haihuwa ita kaɗai: dole sai da wata irin dabam a kusa, ƙudan zuma ya ɗebo garin furenta ya kawo. Mai ɗan fili a bayan ɗaki ina zai kai manyan bishiyoyi biyu?

Masu wuƙar aure ne suka warware wannan, sannu a hankali. Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san ƙwallon da ka shuka ba lallai ya ba ka irin wanda ka sha ba. Reshe kake yanka ka ɗaura a kan wani gindi. Haka ceri yake. Irin da ake kira Bing, wanda ya cika kasuwannin Amurka, ya samo asali ne a 1875 a gonar Seth Lewelling a jihar Oregon, aka sa masa sunan Ah Bing, ɗan Sin da ke shugabantar ma'aikatan gonar. Ah Bing ya koma gida a 1889, dokar 1882 mai hana 'yan Sin shiga Amurka ta tare masa hanyar dawowa. Kowace bishiyar Bing da ke tsaye yau reshe ce daga reshen waccan ta farko. Ina jin daɗi da sunan ma'aikaci ne ya bi ta, ba na mai gona ba.

Matsalar abokiyar zama ta kau a 1968, lokacin da tashar bincike ta Summerland a Kanada ta fitar da irin da ake kira Stella, aikin K. O. Lapins. Ita furenta yana wadatar da kansa. Saura tsawo. Masana sun daɗe da lura cewa gindin da aka ɗaura reshe a kai shi ke yanke wa bishiya girmanta. Tashar East Malling a Kent ta fitar da gindin Colt a shekarun 1970, ya rage tsawon. A Jami'ar Giessen ta Jamus kuwa, aikin da aka faro tun shekarun 1960 ya haifar da gindin Gisela 5, wanda ke tsayar da bishiya a wajen mita 3, ta kuma fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Shekaru fiye da ɗari huɗu ke nan tsakanin gonar Harris da bishiyar da tsohuwa za ta iya tsinka tana tsaye a ƙasa.

Ƙa'idodin da mai lambu ke bi yanzu duk daga asarar magabata aka koyo su. Yana dasawa lokacin da bishiya ta zubar da ganye, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, domin saiwarta na ruɓewa a cikin laka. Yana barin mahaɗin auren a saman ƙasa, in ba haka ba reshen ya yi tasa saiwar, amfanin gindin ya tafi. Yana datse rassa cikin watannin zafi, saboda cututtukan da ke shiga ta wurin yanka sun fi yaɗuwa cikin sanyi da laima.

Abu biyu ne har yau suke ba shi wahala. Ruwan sama ana dab da tsinka yakan farfasa 'ya'yan, tsuntsaye kuma suna riga shi gane cewa sun nuna. A nan ma gajartar bishiyar ce ta cece shi: bishiyar mita 3 ana iya lulluɓe ta da raga ko a kafa mata rumfa, abin da manoman Kent na dā, da duk tsawon tsaninsu, ba su da halin yi.