Ido, Kaska da Baƙin Ciki: Inda Harsuna Suka Ajiye Hassada

Rumawan dā sun ɗauki hassada a matsayin aikin ido. Kalmarsu ta Latin, invidia, ta fito ne daga aikatau invidere, wanda aka gina a kan videre, wato gani. Ma'anarta ta asali ita ce zuba wa mutum ido da mugun nufi, domin sun yarda cewa irin wannan kallo yana iya sa yaro ya rame ko amfanin gona ya lalace. Kalmar ta shiga tsohon Faransanci ta zama envie, ta tsallaka Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, ta zama envy. Rashanci ma a kan gani ya gina tasa kalmar, zavist.

Wannan tunani ya daɗe a Turai. A wani ɗakin ibada da ke birnin Padua na Italiya, wajen shekarar 1305, mai zane Giotto ya zana hassada a siffar tsohuwa wadda maciji ya fito daga bakinta ya juyo yana saran idanunta. Dante kuwa, wanda ya rasu a 1321, ya kwatanta mahassada a lahira an ɗinke musu fatar ido da wayar ƙarfe.

Sai dai invidia ta ba masu ita wahala. Tana nufin abin da mahassadi yake ji, tana kuma nufin baƙin jinin da babban mutum yake kwasa a wurin jama'a. Cicero, ɗan siyasar da ya ɗanɗani wannan baƙin jini har aka kore shi daga Rum, ya ba da shawara a shekara ta 45 kafin Miladiyya cewa a riƙa cewa invidentia idan ana nufin ciwon da ke zuciyar mai kallon. Shawarar ba ta karɓu sosai ba. A Faransanci kuwa dafin kalmar ya ragu: yau wanda yake marmarin shayi ma da envie zai faɗa, kuma duk mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya yi makarantar boko ya san haka.

Larabawa sun bi wata hanya, kuma tasu ta fi ratsa jiki. A ƙamus ɗin Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, an kawo ra'ayin wani malamin lugga da ya danganta hasad da hasdal, ɗaya daga sunayen kaska. Yadda kaska take ɓare fatar dabba ta tsotse jini, haka hasad take ɓare zuciya. Ko masana asalin kalmomi na yanzu sun yarda da wannan dangantaka ko ba su yarda ba, hoton ya juya al'amarin: a Rum wanda aka kalla ne ke cutuwa, a nan kuwa mai ɗauke da abin ne ake tsotsa. Malamai sun kuma raba hasad, wato fatan ni'imar wani ta gushe, da gibɗa, wato fatan samun irin tasa ba tare da ya rasa komai ba. Turanci ba shi da kalma guda da ke yin aikin gibɗa.

Daga hasad ne Hausa ta aro hassada, ta hanyar karatun allo da wa'azi, kuma yaron da ya haddace Suratul Falaƙi ya riga ya ci karo da tushen kalmar. Amma baƙuwar ta tarar da 'yan gida. Akwai ƙyashi, wanda ke hana mutum son a samu ko da abin bai rage shi da komai ba. Akwai baƙin ciki, wanda ya sauko da ciwon daga ido zuwa ciki, har ake ce wa mutum ɗan baƙin ciki. Cutarwar da Barume ya jingina wa kallo kuwa, Bahaushe ya fi jingina ta ga furuci, ya kira ta kambun baka.

Kishi shi ne ake yawan haɗawa da hassada, musamman a fassara, alhali ba ɗaya ba ne. Mai hassada yana hangen abin da ke hannun wani. Mai kishi yana tsaron abin da yake ganin nasa ne, shi ya sa daga kalmar aka sami kishiya, aka kuma sami kishin ƙasa da kishin addini. Girkanci ya yi irin wannan reshe biyu: daga zelos Turanci ya sami jealousy, kishin masoya, ya kuma sami zeal, himma. Rikita kalmomin yana da amfani ga wasu. Ma'aikacin da ya tambayi yadda aka kashe kuɗin ofis yana iya kasancewa mai kishin wurin aikinsa, amma da zarar an ce hassada ce ke damunsa, an mayar da magana kan zuciyarsa, takardun kuɗin kuwa sun koma cikin durowa.