Ƙarar babbar hanya: Abin da mai sayen fuloti a Kudancin Kano ya kamata ya sani

Fulotin bakin titi ya fi kowane tsada, kuma dillali ba ya shan wahala kafin ya sayar da shi. Abin da ba a sa wa a ciniki shi ne ƙarar da mai gida zai kwana da ita har tsawon rayuwarsa.

Manyan hanyoyi biyu ne suka ratsa wannan yanki. Ta farko ita ce tagwayen hanyar Kano zuwa Zariya, wadda ta bi ta ƙasar Bebeji da Ƙiru, kamfanin Julius Berger kuma ya fara sake gina ta a 2018. Ta biyu ta rabu daga Kwanar Ɗangora, ta bi Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos. Tireloli da tankokin mai ba su san dare ba a kan waɗannan hanyoyi. Gyaran titi kuwa yana ƙara wa direbobi gudu, gudu kuma yana ƙara amon taya a kan kwalta, wanda a ƙananan motoci yakan danne na inji da zarar mota ta miƙe. Inda aka yi tudun rage gudu, birki da sake taka totur ne ke tayar da masu barci.

Ana auna ƙara da ma'aunin desibel, kuma ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada ƙarar motoci ta kai desibel 53 a matsakaicin yini, da dare kuma 45, saboda alaƙarta da rashin barci da cututtukan zuciya. A Najeriya, hukumar NESREA ce ke kula da ƙa'idojin ƙara da aka fitar a 2009.

Nisa shi ne maganin farko, amma aikinsa a hankali yake. Duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin gida da titi mai cunkoso, kimanin desibel 3 kawai ke raguwa. Dole ne dai a bar wa hanyar Gwamnatin Tarayya haƙƙinta na mita 45.72 daga tsakiyar titi a kowane gefe. Wanda ya yi gini a ciki, ban da ƙara, yana jiran rusau.

Katanga ta fi tasiri, muddin an yi ta yadda ya dace. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: idan kana hango tayar mota daga tagarka, ƙararta na iso maka kai tsaye. Katanga mai kauri da ta tare wannan hange takan rage desibel 5 zuwa 10, sai dai kada a bar mata kafa ko ɗaya. Bulo mai huji na ado da ƙofar ƙarfe mai sarari a ƙasa suna ɓata aikin. Tudun ƙasa ma yana yi, kuma ya fi arha inda fili ke da yalwa. Bishiyoyi fa? Layi ɗaya na darbejiya inuwa yake bayarwa, ya tare ƙura, amma kunne ba zai ji bambanci ba sai kurmin ya kai kaurin mita 30.

A nan ne tsohon ginin Bahaushe ya riga injiniyoyi. Zaure a gaba, doguwar katanga, ɗakuna suna kallon tsakar gida, bangon tubali mai kauri da rufin soro: duk wannan tsari, da aka yi domin sutura da sanyi, yana tare amo. Gidan zamani mai manyan tagogi da ke fuskantar titi, da rufin kwano babu silin, ya zubar da wannan gado. Mai gina bene kuwa ya sani cewa katanga ba ta kare ɗakin sama.

Ɗan kasuwa ba sai ya yi asarar bakin titi ba. Ya jera shaguna a gaba, a haɗe ba tare da rata ba, su zama garkuwa. Kicin da banɗaki da ɗakin ajiya su biyo baya. Ɗakunan kwana su koma can ƙurya, tagoginsu na kallon ciki. Haka ma masu yanka sabbin unguwanni: layin farko na kasuwanci ne, makaranta da asibiti da gidajen kwana a ciki. Wannan shawara a kan takardar awo ake yanke ta, domin bayan an zuba harsashi gyara sai da tsada.

Kafin a biya kuɗin fili, yana da kyau mai saye ya ziyarce shi bayan sallar isha'i ko da asuba, lokacin da gari ya yi tsit kuma manyan motoci ke kan hanya.